Gurguzu a Bakin Wa? Markis, Jibo Bakari da Harshen Talakan Adar

Ƴan uwa ɗalibai, duk wanda ya taɓa zama taron ƙungiyar ɗalibai, a Yamai ne ko a Tawa, ya san yadda abin yake tafiya. Mai magana zai miƙe ya ce "kamarad", a amsa masa, sai ya shiga jero sunaye: Markis ya ce, Lenin ya ce, Ce Gebara ya yi, Sankara ya mutu a kan kaza. A tafa. Daga farkon jawabin har ƙarshensa da Faransanci ake yinsa, kuma duk a kan talaka ake magana. In ka ɗauki jawabin nan ka kai shi kasuwar Buza ko ta Tamaske, talakan da ake faɗa dominsa ba zai tsinci ko kalma biyar a ciki ba.

Ni karatun harshe nake yi, don haka ta ƙofar harshe zan shiga wanga zance. Tambayata ga manyan ƴan gurguzu da muke liƙa hotunansu a bangon ɗaki guda ce: mi kowanensu ya yi da bakin talaka? Ya saurare shi, ko ya yi magana a madadinsa? Tambayar za ta dawo kanmu daga ƙarshe, don mu ne muka gaji sunayen.

Kalmomin da suka iso mana

Mu fara da kalmar kanta. In ka ce wa tsohuwa a ƙauyen Madawa "gurguzu", abin da zai zo mata a rai ƴaƴan yakuwa ne, waɗanda ake dafawa a yi daudawa da su. Kalmar tana kuma ɗauke da ma'anar tattara abu a dunƙule, a yi shi gaba ɗaya ba a ware na wane da na wane ba. Daga nan aka ɗauko ta aka laƙaba wa aƙidar. Zaɓin ba laifi, yana da hoto a cikinsa: ƙwayoyi ƙanana masu yawa, babu wadda ta fi wata. Sai dai kalma guda ce aka ɗora wa kaya biyu. Abin da Faransanci ya raba, tsarin da gwamnati ke riƙe manyan hanyoyin arziki don jama'a da kuma tsarin da ake fatan a wayi gari babu aji babu mallakar mutum ɗaya, Hausa ta haɗe su duka ta ce gurguzu. Shi ya sa mai sauraron rediyo zai ji an kira Koriya ta Arewa ƙasar gurguzu, a jima a kira jam'iyyar da ta mulki Faransa ƙarƙashin Miteran ta ƴan gurguzu, ya rasa mi ya haɗa su.

Kishiyarta ta fi ta sa'a. "Jari-hujja" kalma ce da ta gama sharhi tun kafin a buɗe littafi: tsarin da jarinka shi ne hujjarka, mai kuɗi shi ke da gaskiya. Wanda ya ƙirƙiro ta ya san aikinsa. Haka ma "juyin juya hali", wadda ta bambanta da "juyin mulki". Juyin mulki kujera ce ke canza mai ita, kuma mu ƴan Nijar mun ga irinsa a 1974, 1996, 1999, 2010 da 2023. Juyin juya hali kuwa ya nemi halin zaman jama'a ya juya. A nan Hausa ba ta bar wa kowa wurin ɓuya ba, duk mai son ya sayar mana da na farko da sunan na biyu sai ya yi wa harshen ƙarya tukuna.

Kada a ɗauka ƙasashen gurguzu ba su kula da Hausa ba. Rediyon Mosko da na Bejin sun buɗe sashen Hausa tun shekarun 1960, kuma a 1963 aka buga ƙamus na Hausa da Rashanci a Tarayyar Sobiyet ƙarƙashin jagorancin Olderogge, masanin Leningirad. Sun koyi harshenmu don su gaya mana abin da suka riga suka yanke. Hanya ce mai tafiya ɗaya, daga can zuwa nan.

Talaka da ɗan ƙwadago

Babban kuskuren da muke yi a jawabanmu shi ne fassara "furoletariya" da "talakawa", mu wuce kamar an gama magana. Ba a gama ba. Mutumin da Markis ya gina tunaninsa a kansa, a Bayanin Kwaminis na 1848 da kuma littafin Jari na 1867, ma'aikacin masana'antar Ingila ne: ba shi da gona, ba shi da kayan aiki, ƙarfinsa kaɗai yake sayarwa a biya shi lada. Abokin karawarsa mai masana'anta ne. Talaka a Hausa kuwa da sarauta ake auna shi. Talaka shi ne wanda ake mulka, wanda ba shi da rawani. Attajiri mai manyan motoci goma, in ya durƙusa gaban sarki, cewa zai yi "ni talakanka ne", kuma bai yi ƙarya ba. Masana suna danganta kalmar da ta Tamajak mai nufin matalauci, marar ƙarfi da ke ƙarƙashin kariyar wani, abin da ba zai ba mutumin Keita mamaki ba, inda Hausawa da Abzinawa suka daɗe a cuɗe.

To a ƙasarmu wane ne furoletariya? In ka cire ma'aikatan siminti na Malbaza da masu haƙar yuraniyom can Arlit, sai ka yi ta lalube. Mutumin Adar yana da gonarsa ta gado, ya noma ta wata huɗu, in an yi girbi ya ɗaure jaka ya tafi cin rani Abijan, Legas ko Libiya, ya yi shayi, ya yi dako, ya yi gadi, ya dawo da faɗuwar ruwan farko. Rabin shekara manomi ne mai abin kansa, rabin shekara ɗan ƙwadago ne a ƙasar wasu. Matarsa da ya bari gida ita ce ta ɗauki duwatsu a ka lokacin babban aikin raya karkara na Keita, wanda aka fara a 1984 da kuɗin Italiya, ana biyan masu aiki da abinci. Galibin waɗanda suka gina bangayen duwatsun nan suka haƙa ramukan tare ruwa mata ne, don maza suna cin rani. A wane aji za mu sa ta? Ga kuma manomin albasa a fadama, wanda ya ci bashin iri da taki da man injin ban ruwa, ya sayar da buhu lokacin da kasuwa ta cika ta yi arha, wanda ya saya ya adana ya sayar bayan wata huɗu a Gana ko Kodebuwa da riɓi.

Akwai kuma abin da ba mu son faɗi a taro. A yankin nan namu, tsakanin Ƙonni, Madawa da Illela, har yanzu ana tambayar asalin mutum, ɗa ne ko bawa, kafin a ba shi aure. A nan ne aka san al'adar wahaya. Sai a 2003 dokar Nijar ta mai da bauta laifin da ake ɗauri a kai, bayan gwagwarmayar ƙungiyar Timidriya, kuma a Oktoban 2008 kotun CEDEAO ta yanke hukunci cewa gwamnatin Nijar ta kasa kare Hadijatu Mani daga bauta. Wannan rabon mutane ba albashi ya kawo shi ba, kuma ƙarin albashi ba zai kawar da shi ba.

Shi Markis, in za a yi masa adalci, manomi bai cika shiga lissafinsa ba. A 1852 ya kwatanta ƙananan manoman Faransa da dankali a cikin buhu, suna tare amma ba abin da ya haɗa su, ba za su iya wakiltar kansu ba sai an wakilce su. Amma akwai abin da ya yi wanda mabiyansa na nan ba su yi ba: yana da shekara hamsin da ƴan kai ya zauna ya koyi Rashanci don ya karanta yadda ƙauyawan Rasha suke riƙe ƙasarsu a tare, har a 1881 ya yarda cewa mai yiwuwa su bi wata hanya dabam da ta Ingila. Dattijo ya koyi baƙon harshe don ya fahimci manomi. Mu namu harshen ne, a nono muka sha shi, amma mun ajiye shi a ƙofar aji.

Kuma tambayarsa ta asali tana nan da ranta: wa ya yi aikin, wa ya kwashe amfanin? Wannan ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Duk babin da ya rubuta kan rarar da mai jari ke tatsa daga gumin ma'aikaci, Bahaushe ya riga ya naɗe kansa a cikin wannan karin magana. Abin da Markis ya ƙara shi ne lissafi, ya nuna ta wace hanya kuɗin ke bi daga bayan kura zuwa aljihun gardi. Lissafin nan muke bukata, a yi shi a kan tiyar hatsi da ake saye da kaka a sayar da bazara, a kan buhun albasa, a kan tabarmar kaba da matan Madawa ke saƙawa kwana da kwanaki.

Sawaba

Wanda ya fi kowa kusa da mu cikin masu wannan ra'ayi shi ne Jibo Bakari, kuma abin kunya ne yadda muka fi sanin tarihin Kuba da nasa. An haife shi a 1922 a Sudure kusa da Yamai, amma a Tawa ya yi lakkwal ta farko, kafin ya wuce makarantar Wiliyam Ponti a Senegal. Ya koyar a Birnin Ƙonni da Agadas. Lokacin da jam'iyyar RDA ta yanke hulɗa da jam'iyyar kwaminis ta Faransa a 1950, shi ya ƙi bin layi. Ya koma ga ƙungiyoyin ƙwadago, ya kafa jam'iyyar UDN a 1954, ya zama magajin garin Yamai a 1956, ya jagoranci gwamnatin farko ta ƴan ƙasa a 1957.

Abin lura ga mai karatun harshe shi ne sunan da jam'iyyarsa ta tafi da shi. A takarda tana da haruffan Faransanci, UDN, daga baya MSA. A bakin jama'a kalma ɗaya ce: Sawaba. Asalinta Larabci ne, inda take nufin abin da yake daidai, amma a Hausa ta koma nufin sauƙi bayan wuya, kamar yadda ake cewa marar lafiya ya samu sawaba, ko kaya sun yi sawaba a kasuwa. Ka tuna mutanen da aka gaya wa kalmar. Sai a 1946 aka soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa ke mulka. Wanda ya fasa dutsen hanya ba lada, ya biya lanho ko damina ta yi ko ba ta yi ba, ya ga gardi ya shigo gari da bulala da sunan kumandan, ba ya bukatar a fassara masa sawaba. A jikinsa ya san kishiyarta. Kalmar kuma ba ta san iyaka ba: tun 8 ga Agustan 1950 ƴan NEPU a Kano suka fito da sanarwar da ta yi suna da Sawaba, wadda ta ce rikicin ƙasar tsakanin talakawa ne da masu riƙe da mulkin En'e. Daga nan Malam Aminu Kano ya yi tashe, daga nan Hajiya Gambo ta Zariya ta samu laƙabinta. Su ma ba su fassara furoletariya ba, talakan da suke gani suka kira da sunansa.

Mutanen Jibo direbobi ne, teloli, mahauta, magina, ƴan tireda, ƙananan ma'aikatan gidan waya, mutanen tasha da kasuwa masu ƙafa ɗaya a ƙauye ɗaya a birni. Alamarsu raƙumi, ta RDA giwa. Masanin tarihi Kalas ban Walraben ya tattara labarinsu a babban littafin da ya fitar a 2013, bayan ya yi shekaru yana hira da tsofaffinsu.

Amma sukar da za a yi wa Jibo ita ma daga kalmar take fitowa. Sawaba tana da faɗi, kowa na iya shiga ya kwanta. Talaka ya ji sauƙi daga sarki, sarki ya ji sauƙi daga kumandan. Nasarar 1957 da goyon bayan sarakuna da dama aka same ta, ta hanyar ƙawance da jam'iyyar BNA. Da gwamnatinsa ta fara taɓa rawuna, kuma ya ce a jefa "a'a" a ƙuri'ar raba gardama ta De Gol ranar 28 ga Satumban 1958, sai sarakunan suka juya masa baya, sabon gwamna Kolombani ya sa ƙarfin hukuma duka a kansa. Aka bayyana "i" ta samu kashi 78 cikin ɗari. Gine kaɗai ta ce a'a. A Oktoban 1959 aka haramta jam'iyyar. Kalmar da ta tara jama'a ba ta gaya musu wa za su dogara da shi ba in rana ta ɓaci.

Abin da ya biyo baya ya fi ciwo. Samarin Sawaba suka fita, wasu karatu a Tarayyar Sobiyet da gabashin Turai, wasu horon yaƙi a Sin, Biyetnam ta Arewa, Aljeriya da Gana. A ƙarshen 1964 suka shigo ta kan iyakoki da makamai, da zaton ƙauyuka za su tashi su bi su kamar yadda littattafan yaƙin sunƙuru suka ce. Ƙauyukan ba su tashi ba. A wurare da dama ƙauyawa ne, bisa umarnin hukuma da tsoronta, suka yi farautarsu. An harbe wasu a bainar jama'a, an cika gidajen kaso, da yawa ba su fito da rai ba, kuma bayan harin gurneti da aka kai wa Jori Hamani a filin idi a Afrilun 1965 ƙuntatawar ta ƙaru. Gwamnati kuwa ta iya nata yaƙin kalmomi: ta kira su ƴan ta'adda, ƴan kwaminis, kuma a kunnen Musulmin ƙauye kwaminis na nufin wanda bai yarda da Allah ba, ko da kuwa mafi yawan ƴan Sawaba masu salla ne. Jarumtar samarin nan ba abin musu ba ce. Sun dai tafi da kalmar da kakanninsu suka gane, suka dawo da tsarin da aka yanka wa wata ƙasa.

Gadon Sawaba ya bayyana a sunayen jam'iyyun da muka yi har zuwa 2025. Duba: PNDS-Tarayya, MNSD-Nasara, CDS-Rahama, ANDP-Zaman Lahiya, RDP-Jama'a, MODEN-Lumana. Kowace suna biyu gare ta. Aƙida da tsari suna cikin haruffan Faransanci, na masu takardar shaida. Talaka an bar masa kalma mai daɗi ta yin waƙa da rawa. An ɗauki dabarar Jibo, an bar nauyin da ke cikinta.

Manyan can da harsunan ƙananan mutane

In muka auna sauran da wannan ma'auni, jerin da muka saba yi zai canza.

Lenin ya yi gargaɗi a kan danniyar Rashawa ga ƙananan ƙabilu, kuma a shekarun 1920 Tarayyar Sobiyet ta ƙirƙiro haruffa ga harsuna da dama da ba a taɓa rubutawa ba, ta buɗe makarantu da su. Aiki ne na gaske. Sitalin ya juya akalar: a 1938 aka wajabta Rashanci a dukan makarantu, aka mai da harsunan nan kan haruffan Rasha. A 1950 kuma ya rubuta maƙala a jaridar Pravda kan ilimin harshe, ya rushe ra'ayin Nikolai Mar da aka yi shekaru ana tilasta wa masana, ya ce harshe na al'umma ne duka, ba na wani aji ba. A wannan gaɓar ya fi Mar gaskiya. Amma ka dubi ƙasar da sai shugaba ya yi magana kafin malamin nahawu ya san abin da zai koyar gobe. Tun 1929 Boloshinob ya rubuta abin da ya fi nasu duka amfani gare mu, cewa harshe ɗaya ne amma kowace kalma fage ce da ake kokawa a kan ma'anarta. Mun gani da "sawaba", muna gani yau da "ƴanci".

Antoniyo Giramshi, shugaban kwaminis na Italiya da Musolini ya ɗaure a 1926 har ciwo ya kashe shi a 1937, ɗalibin ilimin harshe ne a jami'ar Turin, kuma ɗan tsibirin Sardiniya ne, wurin da ƴan birni ke yi wa kallon ƙauye. Daga kurkuku ya rubuta wa ƙanwarsa yana roƙon ta bar ɗanta ya yi harshen Sardiniya. A lokaci guda ya nace cewa talaka sai ya mallaki harshen hukuma, in ba haka ba kullum wani zai karanta masa takardar da ta shafe shi. Duka biyun yake so. Cikinsu duka shi ne ya fi kama da ɗan Buza da ya zo jami'a.

A Afirka, Amilkar Kabral malamin gona ne, ya zagaye ƙauyukan Gine Bisau yana ƙidayar noma kafin ya ɗauki bindiga, shi ya sa ya san manominsa fiye da kowa. Duk da haka ya zaɓi Fotugis a matsayin harshen makaranta, kuma yaƙi da jahilcin da aka yi da shi bayan ƴancin kai bai je ko'ina ba. Seku Ture ya shigar da harsunan ƙasa takwas makarantu daga 1968, ba tare da isassun littattafai da malamai ba, abin ya rushe da mutuwarsa a 1984, kuma sansanin Boiro inda Diyallo Telli ya mutu da yunwa a 1977 yana cikin lissafinsa. Toma Sankara ya sauya wa ƙasarsa suna a 1984 da kalmomin Mosanci da Julanci, ya kai karatun manya ƙauyuka da harsunan gida. Shekara huɗu ya samu kafin a kashe shi ranar 15 ga Oktoban 1987.

Yunwa

Akwai shafin da ba a karantawa a tarukanmu, kuma mu ƴan Adar ba mu da uzurin tsallake shi. Mu mutane ne da ke raɗa wa yunwa suna. Kakanni sun ba da labarin Kakalaba, iyayenmu sun ga ta 1973 da El Buhari ta 1984, yayyenmu sun ga ta 2005. Mun san abin da ake nufi da rumbu ya ƙare a watan bakwai.

To a 1932 zuwa 1933, lokacin da Sitalin ya tilasta haɗe gonaki ya kwashe hatsi daga ƙauyuka, miliyoyin manoma sun mutu a Yukiren da wasu sassan ƙasar. A Kazakistan makiyaya aka tilasta wa zama wuri ɗaya aka karɓe dabbobinsu, sama da mutum miliyan ɗaya suka halaka. Ka kwatanta a ce an yi wa Fulani da Abzinawan Azawak haka. A Sin, Mawo da ya hau mulki a kan kafaɗar manoma, wanda tun 1927 ya rubuta cewa su ne ƙarfin juyin, shi ne ya jagoranci shirin da ya jawo yunwar 1959 zuwa 1961, wadda mafi ƙarancin ƙiyasi ya ce ta ci mutum miliyan 15. A duka wuraren biyu harshe ya yi aikinsa kafin bindiga. "Kulak" a Rashanci dunƙulen hannu ne, ana faɗa wa manomi mai ɗan hali, sai ta zama tambarin da in an buga wa mutum an halatta gonarsa da ransa. Jami'an ƙauye kuma sun aika wa na sama alƙaluman girbin ƙarya don ba wanda ya isa ya ce babu. Inda aka hana manomi cewa "ina jin yunwa" da bakinsa, rumbun gwamnati na iya cika mutane na mutuwa a gindinsa. Wanda zai ɗaga hoton Mawo a gaban ɗiyan manoma, to ya faɗi wannan ma.

Mu kuma fa?

Jami'ar Yamai sunan Abdu Mumuni take ɗauke da shi. Ɗan Tasawa ne, an haife shi a 1929, masanin kimiyyar hasken rana, ɗan gwagwarmayar ɗaliban Afirka a Faransa, mai ra'ayin Markis ba ɓoye-ɓoye. A littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka ya ce makarantar da ba ta koyar da yaro da harshen uwarsa ba za ta ci gaba da raba masu karatu da jama'arsu. An buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973. Shekara hamsin ke nan ana gwaji. Ƙungiyarmu ta USN, da aka kafa a 1960, ta ba da jini a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairun 1990, jinin da ya buɗe hanyar babban taron ƙasa na 1991. Ba wanda zai raina wannan tarihi. Amma sanarwoyinmu har yau da harshen da iyayenmu ba su ji muke rubuta su, sannan mu yi mamaki in mun shiga yajin karatu mutanen gari suka ce yaran nan kuɗin burs kawai suke nema.

A 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mai da Faransanci harshen aiki. Takarda ta faɗa. Ko abin zai zama juyin juya hali ko zai tsaya a canjin suna, ya danganta da ko akwai littafin lissafi, da na shari'a, da na tattalin arziki da Hausa, da malaman da za su koyar da su. Kuma darasin Sitalin yana kanmu mu Hausawa musamman: harshen da ya fi yawan jama'a yana iya zama sabon kumandan a kan Tamajak, Fulatanci, Zabarmanci, Barbarci da sauransu. A Keita da Madawa maƙwabcinka na iya zama wanda Hausa ba ita ya sha a nono ba.

Ga abin da nake ba wannan ƙungiya tamu shawara, kuma ba ya bukatar kuɗi sai na hoton takarda. Na ɗaya, kowace sanarwa da za mu fitar a rubuta ta da Hausa tun farko, a nemi ƴan uwa su yi ta da Tamajak da Fulatanci, a karanta wa wanda bai yi lakkwal ba. In ya ce "mi kake nufi?", mai rubutun ne bai gama tunani ba, ya koma. Na biyu, mu buɗe shafi a ƙarshen kowace fitowa don kalmomi: aji, rarar gumi, jari, riba, haƙƙi, kowa ya kawo yadda ake faɗinsu a garinsu, mu yi gardama a kai. Na uku, da hutu kowa ya nemi tsoho ko tsohuwa a garinsu da suka ga zamanin raƙumi da giwa, ya ɗauki muryarsu a waya da izninsu. Waɗanda suka jefa ƙuri'a a 1958 yau sun haura shekara tamanin da biyar, kuma ba su da yawa.

Ba na cewa a daina karanta Markis ko Lenin. A karanta su da kyau, fiye da yadda muke yi yanzu, da nasarorinsu da gawarwakin da ke bayan wasunsu. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, kuma mai ɗakin nan da Hausa yake faɗi. Wanda bai yarda da ni ba, fili na nan a fitowa ta gaba, sharaɗi guda ne: ya ba ni amsa da harshen da gyatumarsa za ta ji. Allah ya sa mu dace.